Tunkiyar da Ba a Kwance wa Igiya

A Guci, in tunkiya ta mutu ta bar ɗa, ba a doguwar shawara. Sai a naɗe ɗan a tsumma a ce, "Ku kai wa Tani." In kuwa tunkiya ce ta haihu ɗan bai zo da rai ba, ga hantsa cike ga babu mai sha, ita ma gidan Tani ake jan ta. A tsakar gidan nan ake ƙulla zumuncin dole. Uwar da ta rasa ɗa da ɗan da ya rasa uwa, sai sun zama abu guda, ko sun so ko sun ƙi.

Wanda bai taɓa kiwo ba shi ke cewa tunkiya sakarya ce. To, sakarcinta gaskiya ne a komai, ban da sanin ɗanta. Kawo mata baƙo ka sha kallo. Za ta shinshina gindin wutsiyarsa sau ɗaya, ta ja da baya kamar mai jin kunya, sannan ta rugo ta tunkuye shi sai ya yi adungure. Tani ta san maganin wannan tun tana yarinya. Takan ɗaure uwar a turke da gajeriyar igiya, ta matse ta tsakanin gwiwoyinta, ta tatsi nono ta shafe ɗan da shi, ta barbaɗa masa gishiri a gadon baya, ta cusa masa kan nono a baki. Safe da yamma haka, tunkiya na harbi, Tani na zaginta har kakanninta. Ana nan ana nan, nonon ya ratsa cikin ɗan ya fito da warin uwar. Ranar da tunkiya ta shinshina ta ji kanta a jikinsa, ta sa harshe ta lashe gishirin, ranar Tani ke kwance igiya ta ce, "Ku je, Allah ya haɗa kanku."

"Babu tunkiyar da ba ta sabo," in ji ta, "sai dai mai riƙon ya gaji." Ta faɗi wannan magana a gidan suna, ta faɗe ta a bakin rijiya, ta faɗa wa amare, ta faɗa wa surukai, har ta zama kamar sallamarta.

Marayan da ta fara raino kuwa ba mai ƙafa huɗu ba ne. Ƙanenta ne, Sallau. Ranar ƙaramar salla aka haife shi, uwarsu ba ta ga arba'in ba. Tani, wadda a lokacin ko tulu ba ta iya ɗorawa ita kaɗai, ita ta goya shi gida gida wurin masu shayarwa tana cewa, "Inna, a san masa." Da matan suka fara ɓoye mata a ɗaka, sai ta koma ga wata jar akuya ta babansu. Shi ya sa har ya yi gemu, in ya tsaya yi mata gardama takan ce, "Rabu da shi, nonon akuya ne ke motsawa."

Sallau ya girma ya koma Dungas, ya kama kabu-kabu da babur, ya auri Rahma, suka haifi ƴaƴa. Tani ta zauna Guci da mijinta Malam Bunu, mutum mai haƙuri wanda Allah ya hutar da shi magana tunda matarsa ta ɗauke masa wannan nauyi. Rayuwa na tafiya, sai ƙafafun Sallau suka fara kumbura, takalminsa ya ƙi shiga, abinci ya ƙi zama. Majo Tijjani, babban ma'aikacin likitar Dungas, wato asibitin garin, ya auna shi ya ga hawan jini ya yi masa mugun aiki a ɓoye, ya tura shi Magarya. Daga Magarya sai Damagaram. A can aka ce ƙodojinsa duka biyu sun ajiye aiki. Aka ɗora shi kan injin wankin ƙoda, mutum kamar gora ya koma kamar tsinke.

Suna da wani ɗan wan babansu a Kano, Alhaji Mamadu, mai fataucin hatsi. Shi ya ce a kawo masa Sallau, a can ana dashen ƙoda. Ya tsaya tsayin daka, dangi suka tsaya, shanun gado suka bi hanyar kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Saura abin da ba a saye a kasuwa. Aka ɗebi jinin ƴan'uwa, na wannan bai dace ba, na wancan bai dace ba, wani ma tun kafin a ɗiba ya tuna yana da shuka a gona. Na Tani ya dace.

Mata suka cika mata gida. "Haba Tani, mace da ƙoda ɗaya? Ina za ki samu ƙarfin daka?"

Ta ce, "Bakina ma ɗaya ne. Kun taɓa jin ya kasa aiki?"

Malam Bunu ya ɗaga kai kamar zai ba da shaida, ya fasa.

Aka yi aiki, Allah ya ba da sa'a. Abin da ya fi ba Tani dariya, duk da ɗinki na ja mata kwiɓi, shi ne ba a cire wa Sallau nasa ba. A mara aka dasa masa tata, can ƙasa wajen dama. "Ƙoda uku gare ka ke nan," in ji ta. "Biyu ƴan zaman banza, ɗaya mace tana ciyar da su. Gidan duniya sak."

Kafin a sallame su, likitar da ke duba Sallau ta zaunar da su. Sunanta Bahijja, ƴar siririya mai tabarau, wadda Tani ta kalla ta ce a ranta wannan ko ɗan tunkiya ba ta iya riƙewa. Ta jera ƙwayoyi a tebur ta ce, "Mama, jikin ɗan Adam yana da masu tsaro a cikin jini. Duk abin da ba na gida ba, su kai masa hari. Da haka muke tsira daga cututtuka. To wannan ƙoda ba su san ta ba. In aka bar su, za su far mata har su kashe ta. Wannan magani shi ke danne su, safe da yamma."

Tani ta tafa hannu. "Ashe tunkiya ce! Jikinsa uwa, ƙodata maraya, wannan kuma igiya."

Likita ta yi dariya har ta cire tabarau. "Wallahi kin fi ni iya faɗa, Mama. Haka ne. Sai dai ki riƙe biyu. Uwar da aka ɗaure don kada ta tunkuyi maraya, in kare ya shigo ma ba ta iya tunkuyinsa da ƙarfi. Saboda haka ciwon da wani zai yi ya tashi, shi sai ya kwantar da shi. Na biyu, wannan igiya har ƙarshen rayuwa ce."

Tani ta gyaɗa kai. Na farkon ta ɗaure shi a bakin zane. Na biyun kuwa ta ji shi kamar yadda take jin dillali in ya ce rago ba zai taɓa ciwo ba har abada. Magana ce ta masu sana'a, ai dole su ƙara gishiri.

Sallau ya dawo Dungas da ransa, amma bai dawo wa babur ba, don an hana shi shaƙar ƙurar hanya. Ya kafa tebur a gefen tasha yana cajin waya, da ƙyalle rufe da hanci da baki. Abokansa ƴan kabu-kabu kuwa ba su san tausayi da baki ba.

"Sallau, wa ka ciza a Kano aka sa maka takunkumi?"

"Ku bar shi, yanzu rabinsa mace ne. Kai, in an kira salla wane sahu kake bi?"

Yakan ce, "Sahun ubanku." A yi dariya, a wuce.

Dariyar ba ta bin sa gida. Fuskarsa ta yi fam kamar fanke, hannunsa na rawa har shayi na zuba. Murar da za ta ratsa unguwa ta wuce, in ta zo kansa sai ta shimfiɗa tabarma. Damina ta kawo masassara, ta kwantar da shi fiye da kowa. Tani ta aiko masa da nono mai kyau, ɗanye daga hantsa, wai ya ƙara ƙarfi, ya sha ya yi ta zawo har sai da Majo ya ɗaura masa ruwa. Damina ta zagayo ta biyu, abin bai sauya ba.

Wata ranar kasuwar Dungas Tani ta sayar da ɗan rago ta biya gidan. Ta tarar da teburin caji a jingine a zaure. Sallau na kwance ƙarƙashin rumfa, Rahma na fama da shi ya sha kunu.

"Buɗe bakin in gani," in ji Tani.

Ya buɗe. Harshe da dasashi sun yi fari fat kamar an shafa alli, ga gyambo a gefe.

"Tun yaushe?"

Rahma ta ce, "An kwana biyu, Yaya. Majo ya ba da na shafawa, ya ce in bai ja baya ba a koma Kano a duba."

"Kano, Kano. Kullum Kano, kamar can aka binne cibiyarsa." Tani ta zauna a bakin tabarma, ta daɗe tana kallon ƙanenta. Ta ga ƙashin wuyansa. Ta tuna jaririn da ta goya gida gida, ranta ya ɓaci. "Kawo gwangwanin nan."

Rahma ta kawo gwangwanin da ake ajiye ƙwayoyin. Tani ta girgiza shi.

"Ni dai tunda nake, ban taɓa ɗaure tunkiya damina biyu ba. Mai taurin kai ma ba ta kai wata. Igiya in ta daɗe, wuya take ci. Ba ga shi ba? Karnuka na shiga suna fita, uwa na ɗaure tana kallo. Jinin nan naka ya ratsa ƙodar nan safe da yamma, ya wanke ta ciki da waje. In wari ne, ai ta daɗe da ɗaukar naka. Kuma ma baƙuwar ina? Ciki ɗaya muka fito."

Rahma ta ce a hankali, "Yaya, likita fa cewa ta yi har ƙarshen..."

"Likita ta taɓa riƙe tunkiya? Da bakinta ta ce na fi ta iya faɗa. Kina wurin?"

"Ba na wurin."

"To."

Sallau ya ce, da harshensa mai nauyi, "Yaya, ni ma na gaji. Wallahi na gaji."

"Sassauta mata ka gani. Bar na yamma. In ba ta yi tunkuyi ba, kwance gaba ɗaya."

Rahma ta ɗauki kwanon kunu ta shige ɗaki. Ƙanwar miji ma ba a ja da ita, balle yayar da ta goya shi kuma ta yanki jikinta ta ba shi.

Abin da ya sa wannan kuskure ya yi muni shi ne, da farko kamar gaskiya ya yi. Sallau ya bar na yamma, bai ji komai ba. Ya bar na safe. Bakinsa ya warke, rawar hannu ta tsaya, fuska ta saɓe, ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Ya cire takunkumi ya rataye a ƙusa. Ranar wata kasuwa ma aka gan shi bisa babur ɗin abokinsa ya goyo buhun gero. Labari ya kai Guci, Tani ta bi gidaje tana raba shi kamar goron suna. "Na faɗa muku. Babu tunkiyar da ba ta sabo."

Gero ya fara fitar da kai lokacin da wayar Malam Bunu ta yi ƙara da hantsi. Ya saurara, ya miƙa wa matarsa. Rahma ce.

"Yaya, ki zo. Jikinsa zafi, ƙafa ta kumbura kamar ta da. Wurin ɗinkin ba ya son a taɓa. Kuma fitsari... tun jiya abin da ya yi bai cika ludayi ba."

Tani na tsaye da ƙwaryar dusa a hannu. Ta ajiye ta nan tsakiyar gida, tumaki suka yi caa a kai, ba ta ko waiwaya ba.

Tana isa Dungas suka kai shi wurin Majo Tijjani. Ya danna yatsa a ƙafar Sallau, ramin ya zauna bai taso ba. Ya dube shi. "Kana shan maganinka?"

"Ina sha."

Rahma ta sunkuyar da kai. Majo ya ce shi wannan ta fi ƙarfinsa, su wuce Magarya yanzu a yi analis, wato gwajin jini. A Magarya lokotoro, babban likitan wurin, ya duba sakamako ya ce su wuce Kano, kada su tsaya ko sallar la'asar, su yi ta a hanya. Suka tsallaka iyaka, Sallau kwance a cinyar yayarsa, duk ramin da mota ta faɗa sai ya dafe mararsa ya cije leɓe. Tani ta ɗora hannunta bisa nasa. A ƙarƙashin hannayen biyu, ƙodarta ce ake tunkuyi.

Likita Bahijja ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta zo bakin gado ta ce, "Malam Sallau, jininka babu ko ɗigon magani. Ina so in san abin da ya faru, don in san da me nake faɗa."

Sallau ya kalli bango. "Yankewa ya yi. Kin san garinmu da nisa, damina kuma hanya..."

"Ƙarya yake," in ji Tani. "Nonon akuya ne ke motsawa. Gwangwani na nan cike a jakar matarsa. Ni na ce ya kwance igiya. Tun gero na gwiwa ya bar na yamma, da aka yi noman biyu ya bar na safe."

"Yaya, ki yi shiru mana."

"In yi shiru ka mutu da ladabi? Likita, rufa mini asiri yake. Ni ba asiri na kawo Kano ba, ƙoda na kawo."

Likita ta ba da umarni, aka ɗaura masa ruwa da wani magani mai ƙarfi wanda zai danne masu tsaron nan da gaggawa. Ta ce ba ta yi alkawari ba. Wata ƙodar takan farfaɗo, wata an riga an gama da ita. In wannan ta tafi, sai komawa injin wanki, kuma Tani ba ta da wata ta bayarwa.

Da ta juya za ta fita, Tani ta riƙe mata gefen riga. "Tsaya, ƴata. Ba musu zan yi ba, so nake in gane. In ban gane ba, wata rana zan sake. Me ya hana ta sabo? Kowace tunkiya na sabo."

Likita ta jawo kujera. "Mama, in kin ɗaure tunkiya, guda nawa kike ɗaurewa?"

"Ɗaya mana."

"Ita ce jiya, ita ce yau, ita ce gobe. To na cikin jini ba ɗaya ba ce, garke ne. Kuma kullum ana haifar sababbi. Wadda ta fito yau ba ta san an yi sulhu jiya ba."

Tani ta juya maganar a ranta. "Garken da kullum sabuwar tunkiya ke shigowa. To amma marayan fa? Ai ya ci a ce ya ɗauki warin gida."

"Nan ne misalin ya rabu da gaskiya. Ɗan tunkiya yana sauya wari. Ƙoda ba ta sauyawa. Ko shekara nawa ta yi a jikinsa, duk wanda ya shinshina ta, ke zai ji."

Tani ta dubi hannunta, ta dubi marar Sallau. "Ashe warina ne ba ya fita."

Daga kan gado wata murya ta ce, a raunane, "Wannan ai duk Guci an sani."

"Ka ga ɗan banza, yana bakin kabari yana tsokana." Ta goge ido da bakin mayafi. "To ciwace-ciwacen fa, likita? Bakinsa fa kamar an shafa toka. In zuba ido?"

"A'a. In igiya ta shaƙe, a kawo shi in auna jini in sassauta, ko in sauya wata. Sassautawa aikina ne. Naku shi ne kada a kwance, kuma kare in ya leƙo, ko zazzaɓi ne ko tari, a ranar za a kai shi likita, ba a jira gobe."

Sai jira. An sa wa Sallau roba mai zuba cikin wata jaka a gefen gado, Tani ta kafa kujera gaban jakar nan kamar mai gadin rumbu. Matar da ta yi addu'a a kan ruwan sama, ta yi a kan haihuwa, ta yi a kan kasuwa, ba ta taɓa zaton za ta ɗaga hannu tana roƙon Allah fitsari ba. Rahma ta kawo abinci ta ce ta ci, ta ce sai jaka ta ci. Aka wuni, aka kwana, aka sake wuni, abin da ke ɗiga bai fi hawaye ba. Alhaji Mamadu ya zo ya tsaya ya tafi. Tani ba ta motsa ba sai don salla.

Wata safiya, rana ta ɗan ɗaga, ta ga robar ta yi rawaya daga sama har ƙasa. Ta miƙe ta rangaɗa guɗa a tsakiyar ɗakin marasa lafiya, sai da ma'aikata suka rugo suna tambayar wa ya haihu.

Ƙodar ta tashi, amma ba ta tashi kamar da ba. Likita ta ce ta ji rauni, wani ƙarfin ya tafi ke nan, kuma ba za ta jure irin wannan karo na biyu ba. Tani ta ce, "Ba za ta ga na biyu ba." A bakin ƙofar asibiti ta juya ga Rahma. "Ke kika faɗi gaskiya ran nan, na taka ki. Daga yau in na sake kawo wani wayo gidanku, ki ce mini Tani rufe baki."

"Haba Yaya, ni?"

"To ki ce Yaya rufe baki. Ladabi bai hana."

Da suka koma gida ta sa Malam Bunu ya saya mata waya tata ta kanta, ta koyi danna abu ɗaya tak, lambar Sallau. Lokacin da take ba tumaki dusar safe, da lokacin da take ba su ta yamma, sai ta kira. Ba sallama, ba ina kwana.

"An ɗaure tunkiya?"

"An ɗaure, Yaya."

"Ba ni Rahma ta faɗa."

Da yake a tasha yake ɗaukar kiran yamma, ƴan kabu-kabu suka tsinci maganar. Yanzu duk wanda ya wuce teburin caji sai ya ɗaga hannu, "Sallau, an ɗaure tunkiya?" Baƙo ya ji ya ɗauka gaisuwar mutanen Dungas ce. Takunkumi ya sauko daga ƙusa ya koma hanci. Nonon da Tani ke aikowa sai ya tafasa ya huce. In Sallau ya zo Guci, ba ta barin sa ya leƙa garke, daga zaure yake gaida tumaki. Masassara ba ta daina zuwa ba, amma ranar da ta zo ranar take samun Majo Tijjani na jiran ta.

Daminar da ta biyo, aka yi wani ruwa mai iska wanda ya kashe rezo, wato layin waya, a yankin duka. Tani ta danna waya da yamma, shiru. Ta hau turmi ta ɗaga ta sama, shiru. Da asuba ta sake, shiru. Malam Bunu ya ce, cikin jimla mafi tsawo da aka ji daga bakinsa a shekarar, "Yaron nan fa ba yaro ba ne, ya ga abin da ya gani."

"Na sani. Amma mai riƙo ba ya gajiya."

Ta ɗaura ɗamara. Hanya ta yanke a kwari, kabu-kabu ya sauke ta ya ce nan iyakarsa. Ta tattare zane ta ratsa ruwa har gwiwa, ta samu amalanken shanu mai zuwa wani ƙauye, daga can ta samu wani babur. Ta shiga Dungas da hantsi, laka har ƙugu, takalmi ɗaya a hannu, ɗayan ya zauna a kwari.

Sallau na zaune a teburinsa. Ya hango ta, ya ja takunkumi ƙasa, ya kalle ta daga sama har ƙasa. Ya ciro gwangwani daga aljihu ya buɗe mata, ya nuna gurbin ƙwayar jiya da yamma a jikin katinta, ya nuna na yau da safe, duka babu komai. Sannan ya zaro harshe, ja wur, lafiya lau.

"An ɗaure, Yaya. Jiya ma an ɗaure. Ko rezo ya mutu har Salla, a ɗaure za ki same ta."

Tani ta zauna a kan benci tana haki. Wani tsoho mai jiran cajin wayarsa, wanda ya san ta tun Guci, ya ce, "Tani, ba ke ce mai cewa babu tunkiyar da ba ta sabo ba?"

"Akwai ɗaya, Baba. Ga makiyayinta nan zaune."

"To yaushe za a kwance mata?"

"Ranar da aka ɗaure masa likkafani. Kuma ba na sauri." Ta miƙa wa Sallau takalmin nan guda. "Tashi ka nemo mini ɗan'uwan wannan a kasuwa. Ni na saba zama da abu ɗaya, amma ban da takalmi."